Ƙararrawata da Hannun Iya

Ni mutum ne mai mantuwa, har maiɗakina kan ce da a ce kai ana cire shi, da tuni na bar nawa a kasuwa. Amma abin da ya faru a bakin kaskon mazarƙwaila a ƙauyenmu, shekarar da na dawo daga gidan sufaye, shi kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Shekaru sun ja, gashina ya yi furfura, amma ko sukari ne ya ƙone a kan wuta na ji ƙaurin, sai ranar ta dawo mini.

Ƙauyenmu yana tsakanin Makarfi da Ikara. Mu Hausawa ne Kiristoci, gidaje kaɗan a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, fadama ɗaya muke nomawa. Ni ne katikis, wato malamin da ke riƙe da coci idan Fada, limaminmu, ba ya nan, shi kuwa Fada sai ya yi wata bai leƙo mu ba saboda yawan ƙauyukan da ke wuyansa. To, ni Allah ya yi ni ba na iya zama wuri ɗaya. Koyar da yara ni ne, jana'iza ni ne, sulhun miji da mata ni ne, ko akuya ce ta shiga gonar wani sai na yi ruwa na yi tsaki. Da safe ina Hunkuyi a kan babur, da rana ina Likoro, da yamma an gan ni a Kudan. A lokacin ina ɗauka wannan shi ne bautar Allah, ban san rabinsa ƙaiƙayin ƙafa ne kawai ba.

Abin da ya tona mini asiri waya ce. Wata Lahadi Fada ya zo, ina jagorar addu'a a gabansa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Kafin in ankara na ɗauka, na ce wa mai kiran ya ajiye mini takin ina zuwa, sannan na ci gaba da addu'a daga inda na tsaya. Mata suka yi ta ƙunshe dariya cikin mayafi. Bayan an tashi Fada ya kira ni gefe, ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Malam, yaushe rabonka da ka zauna shiru, kai da Allahnka?" Na buɗe baki zan kawo hujja, ya ce in shirya jakata, zai tura ni kwana goma wurin sufaye a can kudu.

Sufayen nan maza ne da suka bar aure da dukiya, suka keɓe a gida ɗaya, ba su da wani aiki sai addu'a da aikin hannu. Tun a ƙofa aka karɓe wayata. Kai, na sha wuya! Kwana biyun farko ji nake kamar an ɗaure ni a turke. A ci abinci shiru, a yi noma shiru, bayan abincin rana kowa ya je ya kwanta, ni kuwa ina ta zagaye ɗaki ina leƙa taga. Amma abu ɗaya ya kama zuciyata, shi ne ƙararrawarsu. Da zarar ta kaɗa, mai fartanya ya ajiye fartanya, mai wanki ya tsame hannu, mai magana ya yanke ta a tsakiya, duk su nufi ɗakin addu'a. Ba gudu, ba jan ƙafa. Na ce a raina, ashe ga abin da muka rasa a gida.

Ana saura kwana biyu in tafi aka sa ni taya wani tsohon sufi da ke gasa musu burodi. Ya taɓa zama a Zariya da ƙuruciya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Muna tsaka da aiki ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa. Na yar da faranti na ruga, don kowa ya ga na koyi darasi. Har aka gama addu'a ban ga tsohon ba. Da na dawo na tarar da shi tsaye a bakin tanda, yana fito da burodi a hankali. Na ce, "Baba, ba ka ji ƙararrawa ba ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Na ji ta. A nan na amsa." Na gyaɗa kai don ladabi, amma a zuciyata cewa na yi tsufa ne ya sa shi lalaci, kuma aka ƙyale shi.

Ranar da na dawo gida ko hutawa ban yi ba. Na samo tsohon ƙarfen ƙafar mota a wurin wani bakanike, na rataye shi a reshen mangwaron da ke gaban coci. Na sanar cewa daga yau za a buga shi sau uku, shida na safe, sha biyu na rana, shida na yamma, kuma duk wanda ya ji, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo coci da ƙafarsa. Maiɗakina tana tankaɗe ta ɗago ta ce, "Ikon Allah. An tura ka koyon hutu, ka dawo mana da sabon aiki." Na ce mata ba za ta gane ba, abin na masu zurfi ne. Ta ce to, Allah ya ba masu zurfi haƙuri.

Da farko abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mutane suna zuwa, ana yin 'yar addu'a, kowa ya koma. Ni kaɗai ne ban sami natsuwar da na ce na kawo ba. Tun sha ɗaya nake fara duba agogon waya. In na buga ƙarfe, sai in tsaya a ƙofa ina kallon hanya, wa ya zo, wa ya makara, wa ya yi kunnen ƙashi. Bakina yana addu'a, idona yana kan benci. In na ga gurbi, ranar ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Sai lokacin rake ya zo. Wanda bai san aikin mazarƙwaila ba, bari in gaya masa. Ana sare rake, a matse shi a inji, a zuba ruwan a wani faffaɗan kasko na ƙarfe, a yi ta hura wuta ana kwashe kumfa. Sa'o'i ana dafawa, amma akwai ɗan lokaci a ƙarshe da ruwan ke yin kauri yana tafasa yana tsalle. A wannan lokacin ko atishawa mutum ba ya so ya yi. Ka juya baya ya kama, ya ƙone, ko ya taso ya malale. Injin kuma na haya ne, yana bin gona-gona, in ranarka ta wuce ta wuce, ruwan raken da aka matse kuwa ba ya kwana bai yi tsami ba.

A cocinmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi da mahaifina suka kwaɓa ƙasar da aka gina cocin farko, shi ya sa bencin gaba nasa ne, ba mai zama a wurin ko ba ya nan. 'Ya'yansa duk sun watse birni, saura shi da matarsa, Iya. Ita ce mai kaɗa tulu idan zumuntar matan coci suna waƙa, in ta sa hannu ko gurgu sai ya motsa kafaɗa. Sai dai idonta ya tafi, inuwa kawai take gani. Rake shi ne abincinsu na shekara. Baba yana da maƙwabci Musulmi, sa'ansa, gonakinsu a haɗe. Tun kafin a haife ni suke da tsarinsu: in an kira azahar Baba ya riƙe wa maƙwabci kasko ya je ya yi salla, in Lahadi ta kama maƙwabci ya riƙe wa Baba. Ba wanda ya koya musu, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

A makon nan inji yana gonar maƙwabcin, Baba yana taya shi, sai ya rasa addu'ar tsakar rana kwana uku a jere. Wasu matasa suka gani su ma suka fara zamewa. Raina ya ɓaci. Ranar Lahadi na hau gaban jama'a, na yi ta zuba, har na ce, "Idan dattawa sun fi son kasko da ƙararrawar Ubangiji, to su bar mana bencin gaba, a ba masu zuwa." Ban ambaci suna ba, amma bencin gaba mutum ɗaya ne a kai. Baba ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa a gwiwa.

Da yamma sai ga shi a ƙofar gidana, dattijon da ya goya ni a kafaɗa. Maimakon in je gare shi, shi ya zo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi babur ma. Sannan ya ce, "Malam, alfarma na zo nema. Inji zai zo gonata ranar kasuwar Makarfi. Maƙwabcina zai kai mazarƙwailarsa kasuwa, ba ya nan. Idan tsakar rana ta same ni a kan kasko na taso, ba kowa a wurin sai Iyarku, ita kuwa ka san idonta." Na ce, "Haba Baba, minti goma sha biyar ne fa. Ubangijin da ya ba ka raken ba zai iya tsare maka kasko minti goma sha biyar ba?" Ban tsaya nan ba, sai na ƙara, na ce in bai zo ba dole in gaya wa Fada a sake duba maganar bencin. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, Malam. Allah ya kai mu."

Maiɗakina ta ji komai daga ɗaki. Ta fito ta ce, "Wannan fa ba tsoron Allah ba ne, cin fuska ne." Na daka mata tsawa. Har yau ina jin kunyar wannan tsawar.

Ranar kasuwa tun safe nake jin tukutukun inji daga fadama, ga hayaƙi yana tashi a bayan gonar Baba. Na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in duba waya, in zagaya coci, in sake duba waya. Wata zuciyar tana cewa yau dai a ƙyale tsohon nan, wata tana cewa in ka ƙyale shi yau gobe ba mai zuwa. Da sha biyu ta kusa na ɗauki ƙarfen bugu, maiɗakina ta sha gabana ta ce, "Don Allah yau ka buga a hankali, ko ba zai ji ba." Na ture hannunta. Na buga shi da ƙarfin da ban taɓa yi ba, har ganyen mangwaro ya zubo.

Mutane suka taru. Ina tsaye a ƙofa ina kallon hanyar fadama, sai ga Baba yana tahowa da sauri-sauri irin na tsofaffi, ba takalmi, gumi ya jiƙe shi, gaban rigarsa duk danƙon rake. Bai je bencinsa ba, ya tsaya a baya kusa da ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ku ji abin da na yi. Daɗin nasara ya ɗebe ni, maimakon in taƙaita sai na tsawaita. Na ƙara waƙa, na ƙara 'yar nasiha a kan biyayya, ina satar kallonsa don ya san da shi nake. Shi kuwa sai waiwaye yake yi.

Ƙaurin ne ya fara iso mana, ɗaci-ɗaci, ya cika cocin. Kafin kowa ya yi magana sai muka ji ihu daga fadama, muryar tsohuwa, sau ɗaya, dogo. Baba bai jira amin ba. Ni da nake saurayi a kansa, da ƙyar na cim masa.

Mun tarar da Iya zaune a ƙasa kusa da murhu, ta riƙe hannun damanta da na hagu, tana jujjuya kai. Ashe kafin ya taso Baba ya zaunar da ita a kan kututture nesa da wuta, ya ce kada ta motsa. Da hancinta ya gaya mata kasko ya fara kamawa, sai ta kasa daurewa, ta lallaɓa ta lalubi muciya don ta ceci abincinsu. Ta taka ɓawon rake ta zame, hannun ya shiga cikin kaskon har wuyan hannu. Ba zan faɗi yadda hannun ya koma ba. Baba ya durƙusa yana zuba mata ruwa yana cewa, "Sannu, sannu, ni na bar ki, ni na bar ki." Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

A kan babur ɗina muka kai ta asibiti a Makarfi, ita a tsakiya, Baba a baya yana tallafe da ita. Dole muka ratsa gefen kasuwa, maƙwabcin ya hango mu, ya bar kayansa a shimfiɗe ya biyo mu a guje. A barandar asibiti ya kama kafaɗar Baba ya ce, "Haba, don me ba ka gaya mini ba? Ai da kasuwa ta jira!" Baba ya ce ya ji nauyin ya hana shi ciniki saboda minti goma sha biyar. Da na ji ya maimaita maganata, sai na zauna a kan siminti. Ranar ce rana ta farko da na zauna wuri ɗaya ba don an sa ni ba.

Ruwan raken da ya rage ya yi tsami, inji ya wuce gonar gaba. Jama'a, Kirista da Musulmi, suka haɗa musu hatsi, wannan kam ba a bar su da yunwa ba. Amma ni na rasa inda zan sa kaina. Na daina buga ƙarfe. In wuce ta ƙofar gidansu in kasa shiga, in dawo in sake wucewa. Da Baba ya zage ni, ko ya kai ƙarata wurin Fada, da na ji sauƙi. Sai dai in mun haɗu ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, ina gajiya?" ya wuce.

Sai da aka sallamo Iya da mako guda maiɗakina ta tasa ni a gaba muka je. Tana zaune a tabarma a inuwar rumbu, hannun a naɗe. Na durƙusa, na ce, "Iya, ni ne. Ni na jawo miki wannan. Ki yafe mini." Ta miƙo hannun hagu ta lalubi kaina ta ce, "Tashi, ɗana, na yafe. Amma kwana biyu ban ji ƙarfenka ba, lafiya?" Na ce na daina, ba zan ƙara ba. Ta ce, "A'a, kada ka daina, ina jin daɗinsa. Ni da ba na iya zuwa, duk inda ya same ni nan nake yin addu'ata. Ran nan ma a kan kututture na fara, na kai tsakiya na ji ƙauri." Sannan ta tambaye ni da gaske, ba da gatse ba, "Ko sai an zo cocin ake karɓa?"

Nan take tsohon mai burodi ya faɗo mini a rai, tsaye a bakin tandarsa. Kwana goma na yi a gidan mutanen nan, na ga suna aiki da lokacinsa, hutu da lokacinsa, addu'a da lokacinta, kuma ba wanda aka ce ya bar burodin 'yan'uwa ya ƙone don ya nuna ya fi kowa. Duk na bar wannan a can, na ɗauko ƙarfe kawai. Abin da na je nema har kudu, yana nan tsakanin Baba da maƙwabcinsa, yana nan a kan kututturen Iya. Na ce mata, "Ana karɓa, Iya. Taki ma ta riga tamu isa."

Na gaya wa Fada komai, na ce ya sauke ni. Ya ƙi. Ya ce saukewa ta yi mini sauƙi, in zauna in gyara. Washegari na koma gindin mangwaro. Har yau ana buga ƙarfen sau uku a rana, amma ba mai gudu. Mai noma ya jingina da fartanya, mai daka ta tsayar da taɓarya, a yi shiru ɗan lokaci a ci gaba. Wanda wuta ke hannunsa, ya zauna da wutarsa. In lokacin rake ya zo, da na buga sai in gangara fadama in karɓi muciya daga hannun duk wanda ya gaji, a can nake yin tawa addu'ar. Na koyi kwanciya bayan abincin rana ma, ko da yake maiɗakina ta ce har a barci ƙafata tana motsi.

Baba bai ƙara zama a bencin gaba ba. Na roƙe shi, Fada ya roƙe shi, ya ce baya ta fi masa, ta fi kusa da Iya in za a fita. A nan ya zauna har Allah ya karɓi abinsa. Hannun Iya ya warke a dunƙule, yatsun ba sa buɗewa, tulun zumunta ya koma hannun wata. In ana waƙa nakan hango ta tana buga gwiwarta da hannun hagu.

Abin da na koya ke nan, da tsada, kuma ba ni na biya ba: an yi ƙararrawa ne don ta tuna wa mutum da Allah a inda yake, ba don ta raba shi da wanda Allah ya ba shi ya tsare ba. Duk ibadar da za ta sa in kasa jin roƙon tsoho, kaina nake bauta wa. Kuma ba a bar ni in manta ba. Kowace Lahadi, idan aka ce mu ba juna gaisuwar salama, Iya takan juyo da fuskarta wajen muryata ta jira. In taka har bencin baya. Tana da hannu mai lafiya, amma na daman take miƙo mini, kamar yadda ladabi ya koya mata, ni kuma in karɓe shi da hannu biyu.